Babi na Uku: Waƙar Roland a Manhajar Nazarin Harsunan Gidan Latin

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin abin da ake nufi da harsunan gidan Latin, wato Faransanci da Italiyanci da Sifaniyanci da harshen Fotugal da na Romaniya, tare da ƙannensu irin su Katalanci da Oksitanci, waɗanda duk suka tsiro daga Latinancin da sojoji da talakawan daular Rum suke magana da shi. Wannan babi zai dubi matani guda ne daga cikin waɗanda ake karantar da ɗaliban fannin, shi ne La Chanson de Roland, wanda za a riƙa kira Waƙar Roland. Dalilin zaɓen ta shi ne, kusan duk littafin tarihin adabin Faransanci da ɗalibi zai buɗe, ita ce babbar waƙa ta farko da zai ci karo da ita, kuma sau da yawa akan gabatar masa da ita a matsayin mafarin adabin Faransa da madubin halayen Faransawa. Babin zai yi ƙoƙarin nuna cewa malaman jami'a na ƙarni na 19 ne suka ɗora ta a kan wannan matsayi bisa wasu dalilai na zamaninsu, kuma ɗalibin da ya karɓi wannan gabatarwa ido rufe zai haɗiye abin da ya fi rauni a cikin waƙar, ya tsallake abin da ya fi daraja.

3.1 Yadda Waƙar ta Shiga Aji

Nazarin harsunan gidan Latin a matsayin fanni mai zaman kansa a jami'a bai wuce shekara ɗari biyu da kafuwa ba, kuma a Jamus aka yanke masa cibiya, ƙasar da harshenta ba ya ma cikin wannan dangi. Friedrich Diez, malami a Jami'ar Bonn, shi ne ya wallafa nahawun kwatancen waɗannan harsuna cikin juzu'i uku tsakanin 1836 da 1844, ya biyo da ƙamus na asalin kalmominsu a 1853. Hanyar aikinsa ita ce jera kalmomi gefe da gefe don a gano ƙa'idar da sauti ya bi wajen sauyawa. Alal misali, kalmar dare a Latinanci, noctem, ita ce ta zama nuit a Faransanci, noche a Sifaniyanci, notte a Italiyanci, noite a harshen Fotugal, noapte a na Romaniya. Kalmar madara da ta takwas ma wannan sawu suka bi. Irin wannan aiki ba ya yiwuwa sai da tsofaffin rubuce-rubuce, domin su ne suke nuna zangon da kalma ta yada a kan hanya. Saboda haka tun farko nazarin harshe da farautar tsofaffin kundaye suka zama Ɗanjuma da Ɗanjummai.

A cikin wannan farauta ne wani matashin Bafaranshe mai suna Francisque Michel ya kwafo wani ɗan ƙaramin kundi a ɗakin karatu na Bodleian da ke Oksfod a Ingila cikin 1835, ya buga shi a 1837. Kundin ba shi da take, Michel ne ya raɗa masa sunan da ake kiran sa da shi yau. Ɗango 4002 ne a cikinsa, an karkasa su zuwa baiti 291 waɗanda tsawonsu bai daidaita ba. An rubuta shi a ƙarni na 12 da karin Faransancin da ake yi a Ingila bayan Normandawa sun ci ƙasar a 1066, amma yawancin masana suna ganin an tsara waƙar ita kanta ne wajen shekarar 1100. Abin lura a nan shi ne, wannan matani ya shafe ɗaruruwan shekaru babu mai karanta shi a Faransa. Corneille da Racine da Voltaire, waɗanda ake jera wa ɗalibi a bayansa cikin manhaja kamar jikokinsa ne, ba su taɓa sa shi a ido ba.

Wanda ya fi kowa ɗaukaka waƙar shi ne Gaston Paris, wanda ya je Bonn yana saurayi ya yi karatu a gaban Diez. Ranar 8 ga Disamba 1870, a lokacin da sojojin Furusiya suka yi wa birnin Faris ƙawanya har yunwa ta sa mutane cin naman dawaki, ya tsaya a Collège de France ya gabatar da lacca a kan Waƙar Roland da zaman Faransawa al'umma ɗaya. Adalci ne a faɗi cewa a cikin laccar ya jaddada cewa ilimi ba shi da wata manufa sai gaskiya, ko ta yi wa ƙasar mutum daɗi ko ba ta yi ba. Duk da haka abin da ya fito da shi daga waƙar shi ne cewa ƙaunar ƙasa ta daɗe a zukatan Faransawa tun ƙarni na 11. Faransa ta sha kashi a wannan yaƙi, ta rasa Alsas da wani yanki na Loren a 1871. A 1872 Léon Gautier ya fitar da bugun waƙar tare da fassara, a shekarar kuma Gaston Paris da Paul Meyer suka kafa mujallar Romania, kafin ƙarshen ƙarnin waƙar ta shiga manhajar makarantun sakandare. Ba wuya a gane abin da ya sa. Labarin ƙaramar runduna da aka ci amanarta, ta mutu ba ta ja da baya ba, daga bisani aka ɗaukar mata fansa, shi ne irin maganin da ƙasar da aka ci da yaƙi take nema.

Gaskiya ne waƙar tana yawan ambaton Faransa da shauƙi. Sai dai fadar Sarki Sharlaman da mayaƙan suke begen komawa tana Aachen ne, wanda yau gari ne a cikin Jamus, kuma idan aka zo lissafa rundunonin sarkin akan ambaci mutanen Bafariya da na Firisiya da na Filandas tare da na Normandi da Biritani. Shi kansa Sharlaman na tarihi wani karin Jamusanci ne harshensa na gida, Jamusawa ma nasu suke ɗaukar sa. Wato ƙasar da waƙar take kira Faransa da ƙasar da aka yi wa ƙawanya a 1870 suna kawai suka yi tarayya a kai.

3.2 Abin da ya Faru da Abin da aka Rera

A shekarar 777 Sulaiman al-Arabi, mai riƙe da Barsalona, ya taka har Paderborn ya nemi taimakon Sharlaman a kan Abdurrahman na Ɗaya, sarkin Banu Umayya da ke Kurɗuba. Ke nan shugaban Musulmi ne ya gayyaci sarkin Farankawa cikin rikicin da ke tsakaninsa da wani shugaban Musulmi. Sharlaman ya ƙetara duwatsun Firenis a 778, amma da ya isa Saragosa sai mai garin ya ƙi buɗe ƙofa. Ya juya, a kan hanya ya rushe ganuwar Pamplona, garin Baskawa. Ranar 15 ga Agusta, rundunar tana ratsa wani matsattsen kwari a Roncevaux, sai Baskawa suka yi wa masu tsaron baya kwanton ɓauna, suka kashe su kaf, suka kwashe kaya, dare ya rufa musu asiri. Einhard, bafaden da ya rubuta tarihin Sharlaman, ya ambaci manya uku da suka mutu, na ukunsu shi ne Roland, mai tsaron iyakar Biritani. Ya kuma nuna cewa ba a sami damar ramawa ba. Iyakar abin da tarihi ya sani game da Roland ke nan. Akwai ruwayar Ibn al-Asir, marubucin ƙarni na 13, da take cewa 'ya'yan Sulaiman ne suka kai hari don su ƙwato mahaifinsu da Sharlaman ya tafi da shi, abin da ya sa wasu masana suke ganin an haɗa hannu ne da Baskawa. Ko da an karɓi wannan, maganar ba ta wuce rikicin mulki ba.

Bayan shekara ɗari uku sai waƙa ta sake wa labarin kama. Yaƙin watanni ya zama na shekara bakwai. Sarkin da bai kai arba'in ba ya zama dattijo mai farin gemu wanda ake cewa ya haura shekara ɗari biyu. Roland ya zama ɗan 'yar'uwar sarki. Baskawa suka ɓace, aka maye gurbinsu da Sarasinawa dubu ɗari huɗu, wato sunan da Turawan wancan zamani suke kiran Musulmi da shi, suna fuskantar Farankawa dubu ashirin. Aka ƙirƙiro maci amana, aka kuma ƙirƙiro ɗaukar fansar da Einhard ya ce ba a samu ba. Wannan ba laifi ba ne ga mawaƙi, domin babu wanda yake zuwa wurin makaɗin fada don ya ji daidaitaccen tarihin masarauta. Amma yana nuna cewa zamanin da ya kamata a auna waƙar da shi shi ne na wanda ya tsara ta. A 1086 Murabiɗai da suka fito daga yammacin Sahara suka karya rundunar Kastil a Zallaƙa, a 1095 Paparoma Urban na Biyu ya yi kiran yaƙin Salibi na farko, a 1099 aka ci Ƙudus. Ƙurar wannan lokaci ce take tashi a cikin baitocin.

3.3 Siffar Abokan Gaba

Nan ne waƙar ta fi rauni, nan ne kuma littattafan manhaja sukan wuce da sauri. An nuna Sarasinawa suna bauta wa gumaka uku, an laƙaba wa ɗaya sunan da aka jirkita daga sunan Annabi (SAW), ɗaya kuma sunan wani abin bautar Girkawan da, har idan suka sha kashi sai su huce a kan gumakan, su farfasa su. Duk wanda ya san abin da kalmar shahada take nufi ya san wannan ba kuskure ne ƙarami ba. Akwai kuma wata runduna ta baƙaƙen mutane fiye da dubu hamsin da aka ce daga Habasha suka zo, an siffanta jikinsu da munanan siffofi na ƙasƙanci. Bayan an ci Saragosa an nuna an tilasta wa mutane fiye da dubu ɗari shiga Kiristanci, wanda ya ƙi a rataye shi ko a ƙone shi, mawaƙin kuwa ya kawo wannan ne a matsayin kyakkyawan ƙarshe.

Wasu malamai sukan kare waƙar da cewa jahilcin zamani ne. Wannan uzuri bai cika ba, domin a Andalus Kiristoci sun yi ɗaruruwan shekaru suna zaune da Musulmi, kuma a 1143, wato daidai ƙarnin da aka kwafi kundin Oksfod, Robert na Ketton ya kammala fassara Alƙur'ani zuwa Latinanci bisa umurnin shugaban gidan ibada na Cluny. Ilimin yana nan ga mai so. Abin da ya fi kusa da gaskiya shi ne mawaƙin bai damu da sanin su ba, domin ba su yake zanawa ba. Idan aka duba da kyau za a ga cewa fadar Marsile, sarkin Saragosa a waƙar, kwafin fadar Sharlaman ce. Shi ma yana zama da hakimansa su yi shawara, shi ma yana da ɗan ɗan'uwa mai zafin kai wanda ya nemi a ba shi saran farko, aka zaɓi jarumai goma sha biyu don su yi daidai da goma sha biyun Farankawa. Baligant, babban sarkin da ya zo daga gabas, farin gemu gare shi kamar Sharlaman, ya ma raɗa wa takobinsa suna don ya kwaikwayi na Sharlaman. Sulkensu ɗaya, caffarsu ɗaya, abin da suke ɗauka abin kunya ɗaya. Hatta gumaka ukun, inuwa ce ta aƙidar uku-cikin-ɗaya da aka juya ta baibai. Mawaƙin kan yaba wa wasunsu da kyau da jarumta, ya nuna addini ne kawai ya rage musu. Saboda haka ɗalibin da ya karanta wannan sashe bai koyi komai game da Musulmin Andalus ba, amma ya koyi abu mai yawa game da yadda baraden Faransa na 1100 suke kallon kansu. Idan aka koyar da shi a haka yana da amfani. Idan aka wuce shi da cewa ai zamani ne, an bar ɗalibi, musamman Musulmi ko Ba'afirke, da zaɓi biyu marasa kyau, ko ya yi watsi da waƙar baki ɗaya ko ya yi kamar bai gani ba.

3.4 Ƙaho da Shari'a

Babban rikicin waƙar yana cikin gidan Farankawa ne. Marsile ya aiko da tayin sulhu na yaudara. Roland ya ce a ci gaba da yaƙi, Ganelon, mijin uwarsa, ya ce a karɓa. Da aka tsaya a kan a aika manzo, kowa ya san aikin mutuwa ne, domin Marsile ya taɓa fille kan manzanni biyu. Manyan fada suka miƙa kansu, har da Roland, sarki ya hana. Sai Roland ya ambaci sunan Ganelon. Ko girmamawa ya yi nufi ko mugunta, waƙar ba ta faɗa ba, wannan shirun kuwa gwaninta ce. Ganelon ya ɗauka agolansa ya jefa shi a bakin kura, ya sanar a gaban kowa cewa zai rama. Da ya dawo daga Saragosa bayan ya ƙulla makirci, sai ya biya da irin kuɗin da aka biya shi, ya ambaci sunan Roland a matsayin wanda zai tsare baya. Sarki ya yi mafarkai, ya ji a jikinsa, amma bai iya soke abin da majalisa ta zartar ba. Sarkin da waƙar take nunawa mala'iku suna yi masa magana, rana ta tsaya dominsa, ga shi ya kasa hana hakimansa biyu halaka juna.

Daga nan sai maganar ƙaho. Oliver, aminin Roland, ya hau tudu ya hango yawan abokan gaba, ya roƙi Roland har sau uku ya busa ƙahonsa na hauren giwa don sarki ya juyo. Sau uku Roland ya ƙi, yana mai cewa neman agaji zai zubar da sunansa da na danginsa da na ƙasarsa. Da aka kusa ƙarewa, saura mutum sittin, sai Roland ya ce zai busa. A nan Oliver ya juya ya ce yanzu kam abin kunya ne, ya ɗora masa alhakin mutuwar jama'a, ya ce idan ya rayu ba zai bari ya auri ƙanwarsa Aude ba. Akbishop Turpin ne ya raba su da cewa a busa, ba don tsira ba, don a zo a ɗauki fansa a kuma binne su. Roland ya busa har jijiyoyin kansa suka tsinke, kuma wannan ne ajalinsa. Babu makamin abokin gaba da ya kashe shi.

Masana sun daɗe suna jayayya a kan wannan wuri. Wasu suna ganin Roland mai girman kai ne wanda ya wuce gona da iri, ya gane daga baya. Wasu suna ganin shahidi ne wanda ya hango abin da hankalin Oliver bai kai ba, hujjarsu kuwa ita ce mala'iku sun ɗauki ransa, kuma a cikin tubansa na ƙarshe bai ware maganar ƙaho a matsayin zunubi ba. Abin da matanin ya nuna shi ne mawaƙin ya ba ɗaya jarumta ya ba ɗaya hankali, ya yaba musu duka, bai yanke hukunci ba. Dubu ashirin sun mutu saboda mutum ɗaya ya ƙi busa ƙaho, waƙar ta bar Oliver ya faɗi haka a fili, ba ta kuma sa kowa ya ƙaryata shi ba. Karatun kishin ƙasa na bayan 1870 ya danne muryar Oliver, domin ƙasar da take shirin ramuwa ba ta son jin wanda yake tambaya ko mutuwar ta zama dole. Wurin da ya fi taɓa zuciya ma yana nan kusa: jini ya rufe wa Oliver ido, ya kai wa Roland sara a kwalkwali bai sani ba, Roland ya tambaye shi a hankali ko da gangan ya yi, suka yafe wa juna.

Sashen ƙarshe, wato shari'ar Ganelon a Aachen, shi ne zaɓaɓɓun nassoshin makaranta suka fi yarwa, alhali shi ne yake warware jigon. Ganelon bai musa abin da ya yi ba. Hujjarsa ita ce ramuwar gayya ya yi a kan wanda ya nufe shi da sharri, ya kuma sanar da gabarsa a bainar jama'a, don haka babu cin amana. A ƙa'idar baraden wancan zamani wannan hujja ce mai ƙarfi, hakiman da suka zauna shari'ar ma, ga kuma tsoron ɗan'uwansa Pinabel, sun shawarci sarki ya yafe masa, tunda wanda ya mutu ba zai dawo ba. Mutum ɗaya ne ya tsaya, Thierry, wanda aka siffanta da siriri marar cika ido. Ya ce ko me Roland ya yi wa Ganelon, a lokacin yana bakin aikin sarki ne, aikin sarki kuwa ya isa ya kare shi. Aka yi fito-na-fito, Thierry ya kashe Pinabel, aka ɗaure Ganelon a jikin dawaki huɗu suka yayyaga shi, aka rataye danginsa talatin da suka tsaya masa. Tambayar da waƙar ta gina kanta a kai ke nan: tsakanin haƙƙin mutum na rama wa kansa da haƙƙin sarauta a kan barorinta, wanne ne gaba? Tambaya ce mai rai a Faransar 1100, inda sarki yake da rauni, hakimai suke yaƙar juna. Kuma waƙar ba ta rufe da murna ba. Sarki ya kwanta, mala'ika ya zo ya kira shi wani sabon yaƙi, ya yi kuka yana jan gemunsa.

3.5 Baka ko Rubutu

Kowane ɗango gaɓa goma ne, da ɗan numfasawa yawanci bayan gaɓa ta huɗu. Amsa-amon na wasali ne kawai, wato ɗangogin baiti ɗaya suna ƙarewa da wasali iri ɗaya ko da baƙaƙen sun bambanta. Jimlolin gajeru ne, an jera su ba tare da kalmomin dalili da za su ɗaure su ba, abin da Erich Auerbach ya yi dogon sharhi a kai cikin littafinsa Mimesis na 1946. A wuraren da suka fi nauyi, mawaƙin yakan maimaita abu ɗaya a baiti uku jere, kowanne da sabon amsa-amo da ɗan ƙari. Haka aka yi a roƙon Oliver, haka a ƙoƙarin Roland na karya takobinsa a kan dutse, haka a mutuwarsa. Mai karatu da ido yakan ruɗe, ya rasa ko abin sau uku ya faru ko sau ɗaya aka faɗa sau uku. Mai sauraro ba ya wannan tambaya.

A kan asalin wannan salo aka yi jayayya mafi tsawo a tarihin fannin. Gaston Paris yana ganin waƙar ta taru ne a hankali daga gajerun waƙoƙin da jama'a suka riƙa rerawa tun bayan yaƙin. Ɗalibinsa Joseph Bédier, wanda ya gaje shi a kujera a 1903, ya rushe wannan cikin juzu'i huɗu da ya wallafa tsakanin 1908 da 1913. A ganinsa an haifi irin waɗannan waƙoƙi ne a ƙarni na 11 a kan hanyoyin masu ziyarar ibada zuwa Santiyago, inda masu gidajen ibada suka ba mawaƙan yawo labarai don jawo baƙi, ita kuma Waƙar Roland aikin gwani ɗaya ce. Ko a nan siyasa ba ta yi nisa ba, domin ra'ayin farko yana mayar da tushen waƙar ga al'adar Farankawa masu jinin Jamus, na biyu kuwa yana mayar da ita Bafaranshiya tsantsa. A farkon shekarun 1950 Dámaso Alonso ya gano wani ɗan rubutu na Latinanci a kundin wani gidan ibada na San Millán a Sifen, wanda aka yi wajen 1070, yana ba da labarin a taƙaice da sunayen Roland da Oliver da Turpin. An kuma samu takardun ƙarni na 11 da suke nuna 'yan'uwa biyu masu suna Oliver da Roland. Wannan ya tabbatar da cewa labarin yana yawo kafin kundin Oksfod. Jean Rychner a 1955 da Ramón Menéndez Pidal a 1959 suka dawo da maganar baka, sannan a 1973 Joseph Duggan ya yi amfani da kwamfuta ya ƙirga cewa kusan kashi 35 cikin ɗari na rabin ɗangogin waƙar maimaitattun kalamai ne irin na mawaƙan baka.

Rabin wannan jayayya ta taso ne daga zaton cewa waƙa dole ta kasance ɗaya daga cikin biyu, ko ta jama'a marar mai ita, ko ta gwani mai alƙalami. Manazarcin waƙar Hausa ba ya buƙatar a gaya masa wannan zato bai tsaya ba. Narambaɗa makaɗin baka ne, ya gaji kalamai da salon da ya tarar, amma babu mai ruɗa waƙarsa da ta wani. Aliyu Namangi makaho ne, da ka ya tsara Imfiraji, wasu suka rubuta, aka buga, almajirai suka mayar da ita baki suna rerawa. Wannan ba ya nufin Waƙar Roland ta bi hanyar ɗayansu, yana dai nufin ɗalibin da ya taso cikin irin wannan al'ada ya shigo aji da kunnen da Bédier bai samu ba, kuma asara ce a koya masa ya ajiye shi a bakin ƙofa.

3.6 Labarin a Wajen Faransa

Wata illar karanta waƙar a matsayin dukiyar ƙasa ɗaya ita ce ana raba ta da danginta, alhali kwatance shi ne ginshiƙin fannin tun daga Diez. Wajen 1170 wani limami mai suna Konrad ya mayar da ita Jamusanci, ya rage ambaton Faransa ya ƙara na addini. A arewacin Italiya an kwafe ta da wani gaurayen harshe na Faransanci da Italiyanci, daga nan Roland ya zama Orlando, har Ariosto ya haukatar da shi saboda soyayya a 1516. Mutanen Sifen kuwa ba su ji daɗin a ce baƙo ne ya zo ya cece su ba, sai suka ƙirƙiro nasu jarumin, Bernardo del Carpio, suka ce shi ne ya karya Farankawa a Roncevaux. Sashen da yake koyar da Faransanci kaɗai, kamar yadda abin ya fi yawa a jami'o'in Afirka ta Yamma, da wuya ya nuna wa ɗalibi wannan, ko da yake shafi biyu na fassara sun isa.

Jiragen Fotugal sun kai labaran Sharlaman har Barazil da tsibiran mashigin Gini. A tsibirin Sawo Tome akwai wasan kwaikwayo na dandali da ake kira Tchiloli, wanda aka gina a kan matanin Baltasar Dias, makahon mawaƙin Madera na ƙarni na 16. 'Yan wasan suna sa fuskokin waya da kayan Turawa, ana busa sarewa ana kaɗa ganga, wasan yakan ɗauki sa'o'i. Babu yaƙi da Sarasinawa a cikinsa. Ɗan sarki ne ya kashe wani saboda yana son matarsa, dangin mamacin suka kawo ƙara fada, aka sa Sharlaman ya zauna ya yanke wa ɗan cikinsa hukunci.